Ranar da Hada Ta Yi Fari

Laraba, 1 ga Rajab, bayan la'asar

Tun gemuna yana baƙi nake gaya wa mutanen Utaibiyya, unguwarmu a nan Makka, cewa na ga talji ya sauka a kan dutsen Hada, can hanyar Ɗa'ifa, kuma har yau ba a samu mutum ɗaya da ya ce mini na'am ba. Sai dariya. Sunana Abdulƙadir, a Gumel Mailafiya ake ce mini, amma a gahawar bakin masallacinmu, inda muke shan shayi, Abu Talji nake, har a bakin yaran da aka haifa jiya. Awwalu ne ya laƙa mini, abokin da muka zo Hajji tare muka ƙi komawa tare. Da na shigo sai ya ce wa mai shayi, "A jefa wa Alhaji ƙanƙara a kofi, kada ya yi kewa." Maganar ba ta tsufa a bakinsa. Shi ya tsufa, haƙoransa sun zube, ita tana nan.

Ba ƙanƙara ba ce. Na san ƙanƙara, da ƙara take zuwa, ta fasa gilashin mota, ta kori awaki. Wannan shiru ya sauko, kamar ana tankaɗe gari daga sama. Ban yi makaranta ba, ɗan rubutun nan ma a bakin titi na tsince shi, amma idona biyu ne kamar na kowa.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau, Hisham ne, mai kantin magani a ƙasan benenmu. Jikan Katsinawa ne, Hausarsa tana ɗingishi. Shi da abokansa 'yan bin hadari ne. Manya da gemu, amma da sun ga gajimare ya haɗu sai su rufe aiki su bi shi a mota har Ɗa'ifa suna ɗaukar hoto. Yanzu wai suna tattara duk taljin da ya taɓa sauka a ƙasar nan, na Tabuka, na Ha'il, da shekara da wuri, suna ajiyewa a jawwal, wato waya, saboda na baya. Na ce a sa nawa. Ya ce sharaɗinsu hoto, ko jarida, ko shaidu biyu.

Shaida ta biyu tana nan. Hajiya Rumasa'u, matata. Tana mustashfa, asibiti ke nan, tun ranar Lahadi, amma za ta dawo.

Alhamis, 2 ga Rajab, da hantsi

Hisham ya hau sama da jawwal ɗinsa. Ba mai dafa shayi, na ba shi ruwa. Ammi yake ce mini, wato baffa.

"Ya ammi, wace shekara ce?"

"Ban riƙe lamba ba. Bayan Hajji ne, alhazai sun watse. Shekara guda kafin a haifi Nasrullahi."

"Tayyib, ai da sauƙi. Ni da ɗanka Nasrullahi ajinmu ɗaya, shekarunmu ɗaya." Ya yi 'yan danne-dannensa, ya ɗago kai. "Ammi, Hajjin waccan shekarar a ƙarshen zafi aka yi. A lokacin ko bargo ba a nema a Hada. Ƙila ƙanƙara ka gani, in ta taru ita ma fari take yi."

"Kai ka gani ko ni?"

"Kai ne, ammi."

"To."

"Me ma ya kai ku Hada bayan Hajji?"

Na ce aiki. Ya ce Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sauka.

Lissafinsa daidai ne, inda ya ɗora shi ne ba daidai ba. Nasrullahi ya girme shi da shekara huɗu. Ba mu da iƙama, takardar izinin zama, lokacin da aka haife shi, sai da ta fito muka kai shi makaranta, ya riga ya wuce shekarun shiga. Mai rubutu ya dube shi, ya rage masa, ya sa masa 1 ga Rajab kamar yadda ake sa wa duk wanda ba a san ranarsa ba. Rabin tsofaffin Utaibiyya jiya aka haife su a takarda, har da ni. In aka mayar da huɗun nan, Hajjin cikin sanyi yake faɗawa. Ban gaya wa Hisham ba. Shekarun ba nawa ba ne.

Juma'a, bayan masallaci

Na je asibiti. Ba ta buɗe ido ba. Likita ya ja Nasrullahi waje suka yi magana, ni aka bar ni da kujera.

Asabar, 4 ga Rajab, bayan magariba

A mota, muna dawowa, Nasrullahi ya rage rediyo.

"Baba, Hisham ya ce kana so a ɗauki muryarka."

"E."

"Ka faɗi duk abin da kake so, amma kada ka taɓa shekaruna. Iƙamata, aikina, takardun yara, duk a kan wannan ranar aka ɗora su. Abin nan nasu dubban mutane ke gani."

"Wa zai bi ka a kan shekara huɗu?"

"Ka fi ni sanin wanda zai bi."

Muka wuce unguwar Zahir. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Umma tana kwance, kai kana maganar talji."

Na juya wajen taga. Bai san magana ɗaya ce ba.

Litinin, 6 ga Rajab, da azahar

Ruwa tun safe kamar da bakin ƙwarya. Titinmu ya zama kogi, na ga mota tana tafiya ba direba. Nasrullahi ya bugo ya ce hanya ta yanke, yau ba ziyara. Na ce in tafi a ƙasa. Ya ce in zauna.

Na leƙa taga, ga Hisham a bakin kanti, rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana ɗaga jawwal yana murna kamar an yi masa haihuwa. Ya hango ni ya ce, "Ammi, ka gani? Wannan akwai hoto." Na rufe taga.

Na zaga ɗakin nan har ƙafata ta yi ciwo. Na buɗe tallaja, firjinmu, miyar kukar da ta yi ranar Asabar ɗin can tana nan a roba. Ban taɓa ba. Na rufe. Na sake buɗewa.

Talata, bayan isha'i

Ta motsa hannun hagu. Na dama yana inda aka ajiye shi.

Laraba, 8 ga Rajab, bayan la'asar

Duk wanda na tambaya a gidan can sai ya ce mini in sha Allah. Likita in sha Allah, mai allura in sha Allah, har mai goge ƙasa. Na san in sha Allah, tun kafin a haifi iyayensu nake faɗa. Tambayata ɗaya ce: za ta yi magana ko ba za ta yi ba? Sai su dafa mini kafaɗa. Ba na son a dafa mini kafaɗa.

Haka rayuwata take a garin nan. Na yi dako, na yi gadi, na tura keken tsofaffi a Safa da Marwa har gwiwata ta ƙare, ban taɓa tambayar wani abu aka ba ni amsa a miƙe ba. Gobe, ya hajj. Ma'alish, ya hajj.

Juma'a, 10 ga Rajab, bayan magariba

Awwalu ya zo da tamis da ful, gurasa da wake, shi da matarsa Rabi. Ita daga wurin Hajiya take. Ta zauna tana ba da labarin dā, kamar ana tambayarta.

"Ai a cikinmu Hajiya kaɗai ce ke kiran sunan ɗan farinta gatsau. Nasrullahi zo, Nasrullahi tafi, ko a jikinta. Mun yi mata tsiya har muka gaji, muka ce Makka ta cinye mata kunya. Ba ta taɓa tanka mana ba." Ta yi dariya tana goge ido da gefen mayafi.

A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, uba ma haka. Yaran yanzu ba su san wannan ba, shi ya sa Nasrullahi bai taɓa tambayar kansa ba. Hajiya ba marar kunya ba ce. Sunan da ya kamata ta ɓoye, ta ɓoye shi.

Awwalu ya tura mini kwano ya ce, "Ci mana, Abdulƙadir."

Na ce, "Wane ne Abdulƙadir? Ina Abu Talji? Ina ƙanƙarar kofin?"

Ya ce, "Bari, don Allah."

Da ya zage ni ya fi mini sauƙi. Ban ci ful ɗinsa ba.

Lahadi, da safe

Sanyi ya shigo. Ba sa rufe mata ƙafa, sai na je na rufe.

Talata, 14 ga Rajab, bayan asuba

Na gaji da juyi, bari in rubuta.

A wancan zamanin, da alhazai sun watse sai 'yan jawazat, masu duba takardun baƙi, su fara kame, lungu-lungu, duk marar iƙama a jefa shi mota sai Jidda. Irinmu sai mu ɓace daga Makka har abin ya lafa. Wani mai gonar rumman a Hada ya ba ni gadi, da ɗaki ɗaya na dutse. Na tafi da Hajiya, cikinta ya tsufa. Ba mu san sanyin dutse ba. Mutanen Gumel ne mu, da zannuwa muka hau, da bargo ɗaya. Matar mai gonar ce ta karɓi haihuwar, asibiti ba wurin irinmu ba ne a lokacin. Mace. Na yi mata huɗuba a kunne, na raɗa mata suna, Hajiya tana ji.

Da gari ya waye na buɗe ƙofa, ban gane duniya ba. Itatuwan rumman, katanga, bayan jakin mai gona, duk fari, kuma yana ta saukowa ba ƙara. Mai gonar yana tsaye a tsakar gida da baki buɗe, shi ma bai taɓa gani ba, shi ya gaya mini sunan abin. Na ɗebo a tafin hannu na kai wa Hajiya. Ta taɓa, ta yi dariya, ta ce, "Yarinyar nan da garin tuwonta ta zo." Kafin azahar ya narke.

Sanyin bai tafi ba. Yarinyar ba ta kai suna ba. Ni da mai gonar muka kai ta maƙabartar ƙauyen, ba alama, kamar yadda ake yi a nan. Shi ya daɗe da rasuwa, gonar ma na ji an yi gidajen hutu a kanta. Da muka sauko Makka aka ga ba goyo, aka ce ɓari ne, muka yi shiru.

Ni na riƙa ba da labarin taljin, don shi ne rabin da ake iya faɗa a gahawa. Ita ba ta taɓa buɗe baki ba. In Awwalu ya zo gida ya ce, "Hajiya, don Allah da gaske mijin nan naki ya ga talji?" sai ta ce, "Ku sha shayinku kafin ya huce." Tana ji ana yi mini dariya, kalma ɗaya ta ishe ta, ba ta faɗa ba.

Na ji haushinta a kan wannan shekara da shekaru. Har yanzu ina ji. In ta dawo zan gaya mata.

Alhamis, 16 ga Rajab, da hantsi

Na sauka kantin Hisham. Na jira ya sallami wata mata mai tari.

"In ta yi magana, za ka zo da jawwal ɗinka?"

"Ammi, ba a ɗaukar marar lafiya a can. Kuma ko ana yi, ni ba zan iya ba."

"In ta gyaɗa kai kawai fa? Na tambaye ta, ta gyaɗa?"

Ya cire tabarau ya goge. "Ka sha maganin hawan jininka yau?"

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Wallahi ina so ya zama gaskiya, ammi. Talji a Hada, ka san abin da zai yi wa 'yan ƙungiyarmu? Amma mun taɓa sa na wani tsoho a kan maganarsa kaɗai, aka yi mana ca, muka cire. Ka ba ni shekarar da ta dace da sanyi, da mutum ɗaya bayan kai. Shi ke nan."

Shekarar tana hannun ɗana. Mutum ɗayan tana kan gado. Na hau sama ban sayi komai ba.

Juma'a

Sun ƙara mata wata roba a hanci. Ban tambaya ba, don na san amsar.

Asabar, 18 ga Rajab, bayan magariba

Dole in rubuta kafin wani ya ce mini ba haka aka yi ba.

Da azahar na ɗauki cokali na kankare farin da ke manne a saman tallaja, na zuba a fulas ɗin shayi. Ba shi ba ne, amma ya fi komai kama da shi a garin nan. A ƙofar ɗakin mai allura ta tare ni ta ce, "Ba a ba ta komai ta baki, ya hajj." Na ce ba na baki ba ne.

Nasrullahi yana tsaye a ƙarshen gado. Na buɗe hannunta na hagu na zuba mata a tafi. Ya ce, "Baba, mene ne haka kuma?" Sai ta damƙe. Ta buɗe ido, amma ba ni ta kalla ba, ƙofa ta kalla. Bakin ya karkace, duk da haka maganar ta fita.

"Rufe ta."

Nasrullahi ya ja bargo. "Na rufe ki, Umma."

"Ba ni ba."

Ta huta. Ruwan yana bin yatsunta yana ɗiga a zanen gado. Sai ta faɗi sunan. Sunan da tun ranar ban sake jinsa a bakin kowa ba. Ta ce, "Rufe ƙofa, taljin yana shigowa." Ta mayar da ido ta rufe.

Na dubi Nasrullahi. Ya ji. Na ga ya ji.

A mota bai kunna rediyo ba. Sai da muka iso ƙofar gida ya kashe mota ya ce, "Wace ce?"

Na ce, "Yayarka."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Na jira. Na jira har ladan ya kira. Sannan ya ce, "Ka hau a hankali, Baba, fitilar bene ta mutu."

Lahadi, bayan la'asar

Bai zo ɗaukata ba. Na hau tasi. Na same shi a can zaune kusa da ita, da na shigo ya tashi ya ba ni kujera ya fita.

Litinin, 20 ga Rajab, da azahar

Na buga masa. Na ce, "Ka ji ai." Ya ce, "Baba, ina wurin aiki." Na ce, "Ban ce ka bar aiki ba, na ce ka ji." Ya ce zai kira.

Na zubar da miyar. Na wanke robar. Ban san inda take ajiye su ba.

Talata

Bai kira ba. Daga asibiti aka kira.

Laraba, 22 ga Rajab

Sallar jana'iza a Harami da azahar. Maƙabartar Sharaye kafin la'asar.

Asabar, 25 ga Rajab, bayan isha'i

Yau aka kwashe kujerun zaman makoki daga titi. Na sha hannu har kafaɗata ta sage. Kowa da abin da zai ce a kanta, mai haƙuri, mai shiru. Na san tana da shiru, ni aka yi wa.

Awwalu ya zauna kusa da ni dukan kwanakin. Jiya ya matso ya ce a hankali, "Na yarda, Abdulƙadir. Wallahi na yarda ka gani."

Na ce, "Kana can?"

"A'a."

"To riƙe yardarka. Tausayi ba shaida ba ne."

Hisham ma ya zo. Da zai tafi ya durƙusa ya ce suna da wani gefe da suke sa labaran da ba a tabbatar ba, in na amince zai sa nawa a can, da sunana, yau ɗin nan. Na tambaye shi su wa ke gefen. Ya ce akwai wanda ya ce ya ga talji a Jidda. Na ce a can zai ajiye ni, kusa da mahaukaci? Ya ce ba haka yake nufi ba. Na ce ya gaida gida.

Nasrullahi yana tsaye yana zuba wa mutane gahawa, yana jin mu. Bai juyo ba.

Lahadi, da safe

Ba ƙanƙara ba ce.

Talata, 28 ga Rajab, da hantsi

Nasrullahi ya kwana a nan tun ranar Laraba, a ɗakin uwarsa. Yana kawo mini abinci, yana miƙo mini magani, yana cewa in koma wurinsu a unguwar Shisha da zama. Jiya ya ce in ina so ranar Juma'a ya kai ni Hada in sha iska. Ban ce ina son iska ba.

Ga abin da nake so, in faɗa a fili tunda a fakaice ba a ji. A ƙasar nan ba a rubuta suna a kan kabari. Na Hajiya ma in an jima ba zan gane shi ba. Ita yarinyar ba ta da takarda, ko ta ƙarya irin tamu ta 1 ga Rajab. Ba a yanka mata rago ba, ba wanda ya ji sunanta a taro. Mu biyu muka san ta zo, yanzu saura ni, ni kuma ga gwiwa ga hawan jini. Abin da ya rage mata a duniya ranar nan ce kawai. In aka rubuta cewa a shekara kaza, bayan Hajji, Hada ta yi fari, to an rubuta ranar da ta zo. Ba sai an sa sunanta ba. Ni na san na wace ce.

Uwarta ta faɗa, to ni ma bari in faɗa sau ɗaya. Na'ima.

Ban ce Nasrullahi ya je ofis ya tona kansa ba. Na san tsoronsa, ni na koya masa shi. Bene ɗaya zai sauka, ya tsaya a gaban abokinsa na aji, ya ce masa lissafinka ka ƙara huɗu, kuma na ji uwata ta faɗa da bakinta. In Hisham ya ce shaidar wanda ya ji ba ta kai ta wanda ya gani ba, to ya faɗa mini a ido, in san inda na tsaya. In Nasrullahi ba zai iya ba, shi ma ya faɗa. Zan iya ɗaukar a'a. Abin da na gaji da ɗauka shi ne a dafa mini kafaɗa a ce in sha magani.

Yana falo yanzu, ina jin motsin kofuna. Kantin Hisham a buɗe yake, na ji ƙarar ƙofarsa. Zan ajiye biron nan, in sa hulata, in zauna a kan matakalar da ke tsakaninsu, kuma ba zan tashi don abinci ko don rarrashi ba.

Nasrullahi, ka ji uwarka ko ba ka ji ba? Hisham, za ka rubuta ko ba za ka rubuta ba?

Tun gemuna yana baƙi nake tambaya. Yau sai wani ya amsa mini.